Takardun Koriya da Yayana Ya Bari

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku da kuka tako ƙafa kuka zo mana gaisuwa, da ku da kuka bugo waya daga nesa. Akwai maganar da nake son yi a kan yayana, kuma ba irin wadda ake yi a falo ana miƙa farantin shinkafa ba ce. Yau kwana arba'in da kai shi makwancinsa. Bakina bai iya faɗinta a gaban mutane ba, shi ya sa na ɗauki biro, ko da yake karatuna bai wuce aji huɗu na firamare a Funtuwa ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ranar Asabar ce da hantsi. Yana wanke motarsa a ƙofar gidanmu na unguwar Glenwood a nan Amurka, lokacin nan da garin furannin itatuwa ke sauka ya mai da kowace mota ruwan ɗorawa. Ya leƙo ta tagar kicin ya ce mini kansa na juyawa. Na ce ya zauna in kawo masa ruwa. Kafin in fito ya zauna a kan matakala, ya jingina da ƙarfe, tiyo na ta zuba a kan ciyawa. Ni na kashe famfon. Abin da na fi tunawa ke nan a ranar, wai na kashe famfo. Motar asibiti ta zo, ta tafi da shi, kafin azahar aka bugo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Gida ya cika. Anti, matar Yaya, ta zauna a kusurwa da carbi, duk abin da aka ce mata sai ta ce amin, har wanda ya tambaye ta inda zai ajiye takalmi. Babbar 'yarsa ta zo daga jami'a, tana tsaye a bakin ƙofa tana amsa gaisuwa da Turanci. Alhajin Maraɗi, abokin gardamarsa, sai shiga yake yana fita yana cewa, "Shekaranjiya fa muka rabu a masallaci. Ban gama ba shi amsa ba. Wallahi ban gama ba." Matan coci, mutanen Jos da Kafanchan, suka shigo da manyan kuloli, suka karɓe mini kicin, suka ce in je in zauna. Ban san yadda ake zama a gidan nan ba tare da wani abu a kan wuta ba, amma na zauna. Ɗalibansa ma sun zo, farare da baƙaƙe da 'yan Meziko, suka tsaya cirko-cirko a kan ciyawa, ba su san ko a shiga ko kada a shiga ba.

Bayan la'asar wani tsoho ya iso, gajere, cikin baƙar kwat, gashinsa fari fat. Tun kafin a ce masa komai ya cire takalmi ya jera su. Ya tambayi 'yar Yaya, wace ce kujerar Ticha? Ta nuna masa. Ya tsaya a gaban kujerar da babu kowa a kai, ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa. Ya tashi da ƙyar, ya sake. Na ji wata a bayana tana raɗa, "Sujada yake wa kujera?" Alhaji ya yunƙura zai yi magana, sai Anti ta ɗaga hannu, maganarta ta farko ke nan tun safe da ba amin ba: "Ku bar shi. Abokinsa ne."

Shi ne Baba mai kanti, ɗan Koriya, mai shagon kayan miya a High Point Road. Sunansa na sani a bakin Yaya shekara da shekaru, amma ranar na fara ganin fuskarsa, domin ni ba mai fita ba ce. Tun da mijina ya rasu Yaya ya ɗauko ni ya kawo nan, iyakata kicin da filin bayan gida da masallaci ranar Idi, sai suna in an kai ni. Sau uku yana kai ni tashar bas ta cikin gari don in koyi hanya, sau uku ina riƙe masa hannun riga har muka dawo. A na ukun ya yi dariya ya ce, "To shi ke nan, Auta. Ke ki tsare gida, ni zan riƙa kawo miki duniyar." Bai taɓa bari na ji ni baƙuwa ce a gidansa ba, ko da wasa.

Kuma ya cika alkawari. Yaya malamin tarihin duniya ne a wata sakandare, 'yan aji tara yake koyarwa. Kafin ya samu takardar koyarwa ya ja tasi, ya ɗauki kaya a sito, duk da digirinsa na Zariya. Al'adarsa ita ce, duk darasin da zai yi gobe sai ya fara yi mini shi da Hausa. Ina yanka albasa, yana zaune a kan kujerar roba da kofin shayinsa marar sukari, yana nuni da cokali.

"In ke kika gane, su ma za su gane," in ji shi.

"Wato ni ce ma'aunin daƙiƙai."

"A'a. Ke kina saurara. Su sai an roƙe su."

Haka na san Rumawa da Fir'aunoni da mutanen Sin ban taɓa buɗe littafi ba. Amma duk shekara in bazara ta kusa, sai in ga ya canza. Ya yi aski, ya goge takalmi. Makon Koriya ya zo.

Ga yadda abin ya faro, kamar yadda ya ba ni. A shekararsa ta farko ta koyarwa ya shiga kantin Baba sayen garin barkono da busasshen kifi, don nasu ya fi kusa da namu. Littafin makaranta na hammatarsa, ƙato kamar bulo. Tsohon ya ce, me kake koyarwa? Ya ce tarihin duniya. Ya ce, to nuna mini ƙasata. Yaya ya yi ta buɗawa har ya samo. Rabin shafi ne, an matse shi tsakanin Sin da Japan, kuma kusan duka maganar yaƙi ce. Tsohon ya sa tabarau ya duba, ya rufe littafin a hankali, ya miƙa masa, ya ci gaba da auna barkono. Bai ce uffan ba.

"Auta, na san wannan shirun," in ji Yaya. "Ni ma shi na yi ranar da na nemi ƙasar Hausa a littafin."

Daga nan ya fara zuwa kantin duk Lahadi da yamma. Su zauna a bayan kanta a kan buhunan shinkafa, wannan da Turancinsa na Zariya, wancan da nasa guntu-guntu. Ya karanta duk abin da ya samu a laburare. A hankali rabin shafi ya zama kwana biyar cur.

Ni kam na sha labari. Ya ba ni na wani sarkinsu da ya ga talakawa da mata ba sa iya rubutun manya, don yana da wuya, sai ya sa aka ƙirƙiro musu baƙaƙe masu sauƙi waɗanda mutum zai koya cikin 'yan kwanaki. Na ajiye wuƙa na ce, Allah sarki, ina ma a Funtuwa ya yi sarauta. Ya ce sun iya buga littafi da baƙaƙen ƙarfe tun kafin Turawa. Ya ce da Japan ta mallake su, har sunayensu aka sa suka canza, yaro ya yi yarensu a makaranta a hukunta shi. Sai ranar ƙarshe, ranar layi. Nan muryarsa ke sauka. Ya ce baƙi ne suka shimfiɗa taswira suka ja layi a tsakiyar ƙasar, wannan ya ɗauki sama, wancan ya ɗauki ƙasa.

"Kamar mu da dangin Inna na Maraɗi," na ce.

"Kamar haka. Sai dai mu ana hawa babur a tsallaka a ci tuwon suna a dawo. Su ko wasiƙa ba ta tsallakawa."

Ba kowa ne ya so abin ba. A wani suna da aka yi a wajen High Point Road, Alhajin Maraɗi ya tare shi a gaban jama'a, muna jiyo su daga ɓangaren mata.

"Malam, kai Bahaushe, an ba ka aji a Amurka, ka bar Kano, ka bar Katsina, ka bar Damagaram, ka kama Koriya? Surukanka ne?"

"Alhaji, ina yin namu. Kwana biyu nake ba shi."

"Kwana biyu! Su kuma biyar!"

"In na tsaya a gabansu ina yabon garinmu, za su ce baƙon nan kewar gida ke damunsa, su yi hamma. In na tsaya wa ƙasar da ba tawa ba, sai su tambayi kansu me ya sa. Yaron da ya koyi tambayar ina sauran labarin a kan Koriya, zai yi ta a kanmu ko ba na nan."

"Kai dai ka iya baki. A lakwal ɗinku, makarantar bokon nan, haka aka koya muku."

Shekara tara suna wannan gardamar, babu wanda ya sauka. Abu ɗaya ne ya taɓa faranta wa Alhaji rai. Shugaban sashensu a makaranta duk shekara sai ya ce wa Yaya babu lokaci, jarabawa ba ta tambayar Koriya. Yaya ya ce masa sarakunan Faransa sun samu mako uku, su ara masa kwana biyu, ba za su talauce ba. Da Alhaji ya ji wannan, sai da ya tashi ya ba shi hannu. "Wannan kam, a rage musu. Sun ci namu da yawa."

Wadda abin ya fi yi wa ciwo ita ce babbar 'yarsa. A makarantar take lokacin, yara suna kiran ubanta Mista Koriya. Zango guda ta ƙi shiga motarsa, sai bas ɗin makaranta. Wata rana a kan abinci ta ce masa da Turanci, me ya sa ba zai zama kamar sauran malamai ba, ya karanta abin da ke littafi ya dawo gida? Bai yi faɗa ba. Ya ture farantinsa, ya je ya wanke hannu. Washegari ya tsaya a mota yana jiranta minti goma kamar kullum, ta wuce shi ta tafi bakin titi. Haka ya yi ta jira har zangon ya ƙare.

To, yanzu ga maganar da ta sa na tara ku.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, aka ce gobe maza za su zo su duba kayansa saboda rabon gado. Anti ta ce in zo mu kintsa ƙaramin ɗakin da yake karatu. A saman kwaba muka samu wani akwatin ƙarfe. Na sauko da shi. A ciki akwai ƙunshi cikin wani ƙyalle mai sheƙi, an ɗaure shi da jar igiya, igiyar kuma duk ƙulli ne, ƙulli a kan ƙulli, an kitsa su da kyau. Muka kwance. Takardu ne masu yawa, kowace an zana mata gidaje ƙanana da jan layi, a kowane gida an sa wata alama da baƙin tawada, da'ira, sanda, kusurwa. A ƙasan kowace takarda an buga jan hatimi. A tsakaninsu akwai rubutun Yaya na Turanci, shi ma gefe-gefensa duk waɗannan alamomin ne.

Ku gaya mini, ku da kuka tashi inda na tashi, me wannan ya yi kama da shi? Na sha ganin rubutun Koriya a jikin buhun shinkafar da yake kawowa, amma wancan bugun inji ne mai launi, da hoton shinkafa a gefe. Wannan na hannu ne, a gida-gida, da tawada, da ƙulli. Ko sau ɗaya raina bai haɗa su ba.

Anti ta zauna a ƙasa. "Na shiga uku. Shekara ashirin da shida ina tare da mutumin nan."

Kun tuna bawan Allahn da ya rasu a garin nan shekarun baya, aka buɗe jakarsa a gaban mutane aka ga layu. Ba zan faɗi ko wane ne ba, kun sani. Har yau in an ambaci 'ya'yansa sai wani ya rage murya. Shi na tuna. Na tuna kuma yadda aka kalli tsohon nan da ya sa goshi a ƙasa a falonmu. Na ce a raina, gobe maza shida za su tsaya a kan akwatin nan, jibi labari ya kai Funtuwa.

Ni na ce a ƙona. Ba Anti ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Ta ce ko mu jira yarinya, babbar 'yarsa, ta dawo ta karanta mana na Turancin, ta fita kai wasu baƙi filin jirgi. Na ce a'a, ita ce ma ba na so ta gani. Na ce in alheri ne wuta ba ta wulaƙanta rubutu, haka aka koya mana, in kuma sharri ne mun rufa masa asiri.

Na kai su filin bayan gida, na zuba a murhun da yake gasa mana nama da Sallah. Na yi bisimilla na ƙyasta ashana. Takardun gida-gidan nan suka kama nan da nan, nasa na Turanci suka ɗan yi gardama, na tona su da sanda. Igiyar ce ta ƙarshe. Maƙwabcinmu Bature ya ga hayaƙi ya ɗaga mini hannu ta saman shinge, na ɗaga masa. Ban ji komai ba. Na wanke hannu na ɗora ruwan tuwo.

Kwana biyar bayan haka aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana. Baba mai kanti ne, tare da wata matashiyar malama da suke koyarwa da Yaya. 'Yar Yaya ce ta yi mana tafinta, don Turancina na gaisuwa ne da na farashin tumatir. Malamar ta ce ajin Yaya yanzu a hannunta yake, makon Koriya saura kwana goma, kuma ta yi niyyar yin sa yadda yake yi. Ta duba ajinsa kaf ba ta ga komai ba. Yaya bai yarda da kwamfuta ba, da hannu yake rubuta komai. Ko a gida ya ajiye? Tsohon ya kwatanta da hannunsa: akwati kamar haka, ƙyalle, jar igiya.

Anti ta dube ni. Na dubi ƙasa.

Tsohon ya ci gaba, yarinya na juya mana da Hausa. Ya ce yana ɗan shekara goma sha biyu lokacin yaƙi, shi da ubansa suka gudo kudu. Uwarsa da ƙanwarsa suka tsaya, za su biyo bayan kwana kaɗan in ƙafar yarinyar ta warke. Hanya ta rufe. Tun daga ranar bai sake jin ko suna raye ba. Da ya girma, duk sabuwar shekara sai ya rubuta wa ƙanwar wasiƙa, ya buga hatiminsa, ya ajiye, don babu inda za a aika. Sun kai arba'in da wani abu. Da hannunsa ya fara rawa ya daina. 'Ya'yansa a nan aka haife su, ba sa karanta rubutun sosai. Sai ya ba Ticha, suka zauna Lahadi bayan Lahadi suna juya su zuwa Turanci. Igiyar kuma matarsa marigayiya ce ta kitsa, ado ne, irin wanda ake ɗaure abu mai daraja.

Na san labarin yaron da ƙanwarsa. Sau tara na ji shi a kicin, ranar layi. Yaya bai taɓa ce mini yaron shi ne mai sayar mana da barkono ba, bai kuma taɓa cewa wasiƙun suna saman kwabarmu ba. Amanar wani ce, ya riƙe ta yadda ake riƙe amana.

Na ce wa yarinya, "Gaya masa na ƙona su."

"Gwaggo, me kika ce?"

"Gaya masa. Ni, da hannuna. Na zaci abin tsibbu ne."

Ba ta juya masa maganar ba. Ta tsaya tana kallona, bakinta a buɗe. Amma tsohon ya riga ya gane daga fuskokinmu. Ya tambaya, ta faɗa masa a gajarce. Ya nemi ruwa, na kawo, ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba. Sai ya ce a nuna masa wurin. Muka fita filin bayan gida a jere. An yi ruwan sama a tsakani, tokar ta zama baƙin taɓo a gindin murhu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana a hankali, yarinya ta juya mana.

"Ya ce a wurinsu, matattu ake ƙona wa takarda, don ta isa gare su. Ya ce shi bai sani ba ko ƙanwarsa ta mutu. Shi ya sa bai taɓa ƙona ko ɗaya ba."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni, ina jin da na samu abin riƙewa. Ya ɗan sunkuyar mini da kai, ya sa takalminsa, malamar ta riƙe masa hannu suka sauka matakala.

Bayan sun tafi yarinyar ta yi mini faɗa da Turanci har ya ƙare mata, sannan ta koma Hausa, wadda rabon da in ji ta a bakinta tun tana 'yar firamare. "Gwaggo, don me ba ki jira ni ba? Awa ɗaya! Awa ɗaya kawai!" Na ce ina tsoron bakin mutane. Ta ce, "Baba bai taɓa jin tsoron bakin mutane ba. Har nawa bai ji tsoro ba." Ta shiga ɗaki ta rufe.

Washegari ta fito da littafin rubutu, ta jawo kujerar roba ta zauna a kicin. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Me yake faɗi ranar farko?" Na ce da taswira yake farawa, ya ce su nemo ƙasar da kansu, kada a nuna musu. Ta rubuta. Kwana uku muna haka, ina faɗa da Hausa tana juyawa. Na tuna fiye da yadda na zata, har inda yake tsayawa ya bar su su yi gardama. Amma sunayen sarakuna da na garuruwa sun gauraye mini, shekaru kuwa ko ɗaya ban riƙe ba. Wasiƙun kuma ban taɓa jin abin da ke cikinsu ba sai gutsure.

Malamar ta yi abin da za ta iya da shi, ta cike da littattafan laburare. Kwana uku ta samu maimakon biyar. Shugaban sashe ya ce mata ba shi da ƙiyayya da abin, amma baɗi in babu kayan darasi a rubuce da zai sa a fayil, za a koma abin da littafi ya ce. Malamar ta ce abin da ke sa yara su yi tsit shi ne wasiƙa, in an riƙa ta a hannu. Ba tare da ita ba, darasi ne kamar kowane.

Sai dai ta tuna mana abu ɗaya. Duk shekara ranar layi, Yaya yakan zaɓi wasiƙa guda, ba ya maimaita ta bara, ya yi fotokwafinta ya raba wa kowane ɗalibi, gaba rubutun tsohon, baya fassarar. Shekara tara, wasiƙa tara. Ta yi cigiya a makaranta, an samu guda ɗaya wurin wata yarinya da ta manne ta a bangon ɗakinta. Ta biyu a cikinmu ta fito. Wata Hajiya, da ta ji abin da ya faru, ta zo har kicin ta same ni, ta ce shekara huɗu da suka wuce ta ga irin takardar a jakar ɗanta, hankalinta ya tashi, ta kai wa malamin da ke koya wa yara karatu ranar Asabar. Muka aika. Ashe yana nan da ita a cikin wani littafi. Ya ce shi bai san rubutun ba, kuma ba ya ƙona abin da bai sani ba.

Ranar Lahadin da ta wuce na ce wa yarinya ta kai ni High Point Road. Na shiga kantin da ƙafata, karo na farko, na miƙa masa biyun. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye, leɓɓansa na motsi. Ya nuna ɗaya ya ce wannan ta shekarar da aka haifi ɗansa na fari ce, yana gaya mata ta zama gwaggo. Ya tambaya ko zai riƙe su kwana biyu kafin a kai wa malamar. Kayansa ne, amma yana tambayata izini.

Yayana ya koyar da 'ya'yan da yawa daga cikinku. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa abin da ya koyar ya zame masa haske, ni kuma ya yafe mini. Saura bakwai. Na san halinmu, ba ma zubar da takardar makarantar yaro, muna cusa ta a akwati ƙarƙashin gado tare da atamfofin da ba a ɗinka ba. Farar takarda ce guda ɗaya, gabanta gidaje ƙanana da alamomi kamar da'ira da sanda, hatimin ya fito baƙi saboda inji, bayanta rubutun Yaya mai kwanciya gefen dama. Ba abin tsoro ba ce, wani ne ke gaishe da ƙanwarsa.

Ke da ɗanki ya zauna a ajinsa, kai da 'yarka ta kira shi Mista Koriya, yaushe rabonku da ku jawo akwatin nan ku duba?